Me ya sa rana take yin fari a lokacin hazo, sama kuma ta daina yin shuɗi?

Dattijo daga Yakasai:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga malaman kimiyya da ke wannan zaure, kuma ina roƙon a amsa ta yadda wanda bai yi nisa a boko ba zai fahimta. Tun da hunturu ya kankama hazo ya lulluɓe Kano, har akwai ranakun da wanda ya hau Dala ba ya hango Goron Dutse. A irin waɗannan ranaku rana tana fitowa fara, ba ta da kaifi, gefenta a fili, sama kuma ta koma fari-fari ko ruwan toka. A damina kuwa, idan aka ɗauke ruwa gari ya washe, sama shuɗiya ce sosai, kuma rana tana faɗuwa jawur. Ranar dai ɗaya ce, garin ma ɗaya ne. To mene ne ƙura take yi wa haske? Sannan tun da ƙasar da muke takawa a wurare da yawa ja ce, me ya hana hazon ya zama ja?

Direba daga Unguwa Uku:
Wa alaikumus salam, Baba. Kafin malamai su iso, abin da na taso ina ji shi ne, shuɗin sama hoton ruwan teku ne da yake haskowa sama. Idan haka ne, ƙura ce take shiga tsakani ta tare wannan hoton, shi ya sa shuɗin yake ɓacewa.

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Zan fara da maganar ɗan'uwana direba, domin ta yaɗu ƙwarai, har a cikin ɗalibai. Tsakanin Kano da teku akwai fiye da kilomita 700, Agadas kuma ta fi mu nisa da shi, amma a ranar da babu ƙura samansu ya fi na bakin teku shuɗi. Da shuɗin daga teku yake zuwa, da mutanen Legas sun fi kowa samun sa. Shuɗin sama a cikin iskar da ke kanmu yake samuwa.

Hasken rana da muke kira fari haɗakar launuka ne. Aizak Niyuton ya nuna haka a wajajen 1666, lokacin da ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, har zuwa shunayya, sannan ya sake haɗa su suka koma fari. Haske yana tafiya ne a matsayin igiya mai kaɗawa, danginsu ɗaya da igiyar rediyo, kuma abin da ya bambanta launi da launi shi ne tsawon zango, wato nisan da ke tsakanin tudun kaɗawa ɗaya da na gaba. Zangon ja ya kai nanomita 700, na shuɗi wajen 450, na shunayya wajen 400. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Iskar da muke shaƙa ƙwayoyi ce na naitirojin da oksijin, kuma kowace ƙwaya ba ta kai rabin nanomita ɗaya ba, ke nan zangon haske ya ninka ta fiye da sau dubu. Idan mutum ya tsaya bakin kududdufi ya dubi siririn kara da ke tsaye a cikin ruwa, zai ga doguwar igiyar ruwa tana wuce shi kamar babu shi, amma ƙananan igiyoyi masu saurin kaɗawa suna bugunsa suna tarwatsewa gefe. Haka ƙwayoyin iska suke yi wa haske. A 1871 wani masani ɗan Ingila, wanda daga baya aka san shi da Lod Reili, ya fitar da lissafin abin: idan abin da haske ya ci karo da shi ya fi zangonsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, to duk lokacin da zango ya ragu da rabi, warwatsuwa takan ninka sau 16. Bisa wannan lissafi, shuɗi yana warwatsuwa kusan ninki 6 na ja. Saboda haka duk inda ka ɗaga kai ka duba, ban da wajen ranar kanta, hasken da yake shigowa idonka wanda iska ta karkato ne daga hanyarsa, kuma shuɗi ne ya fi yawa a cikinsa.

Direba daga Unguwa Uku:
Allah ya gafarta Malam, to shi ruwan fa? Na ga ruwan madatsar Tiga daga nesa yana yin shuɗi.

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Abu biyu ne suka haɗu a nan. Fuskar ruwa tana mayar da hoton sama, shi ya sa idan hadari ya haɗu za ka ga ruwan ya yi duhu, idan hazo ne ya yi fari-fari. Sannan ruwa mai zurfi kuma mai tsabta yana shanye jan haske fiye da shuɗi. Ka ga ke nan ruwa ne yake ɗaukar hoton sama.

Ɗaliba daga Kabuga:
Assalamu alaikum. Ina karatun kimiyyar fizik a Jami'ar Bayero, kuma da izinin Malam zan ɗora daga inda ya tsaya, domin tambayar Baba ta ainihi a kan hazo take.

Baba, lissafin da Malam ya kawo yana da sharaɗi, wato abin da haske ya tarar ya kasance ƙarami ƙwarai. Ƙurar hunturu ba ta cika wannan sharaɗi ba. Ana auna ta da maikiron, wanda shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma da yawa daga ƙwayoyinta sun kai maikiron 1 zuwa 10, wasu ma sun zarce. Zangon hasken da ido yake gani kuwa tsakanin maikiron 0.4 ne da 0.7. Ke nan ƙwayar ƙura ta kai girman zangon haske ko ta ninka shi sau da yawa. Wani Bajamushe, Gustaf Mi, ya warware lissafin irin wannan yanayi a 1908, kuma abin da ya fito shi ne, manyan ƙwayoyi ba sa fifita wani launi a kan wani sosai, ja da kore da shuɗi kusan daidai suke warwatsa su. Idan launuka suka warwatsu daidai wa daida, abin da ido zai gani fari ne. Wannan farin yana da ƙarfi, sai ya danne shuɗin da ƙwayoyin iska suke bayarwa, duk da cewa shuɗin yana nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya tashi a jirgin sama a ranar hazo zai shaida cewa da zarar jirgi ya keta saman ƙurar, shuɗin yana bayyana.

Ita ma ranar haka ne. Ƙura tana rage hasken da ke zuwa kai tsaye daga gare ta, amma tana rage kowane launi kusan daidai, shi ya sa take dusashewa ba tare da ta sauya launi ba. Dalilin farin gajimare ma ke nan, domin ɗigon ruwan da ke cikinsa ya kai maikiron 10 zuwa 20.

Dattijo daga Yakasai:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na gane cewa girman ƙwayar ne yake raba al'amarin. Amma saura rabin tambayata. Idan guguwa ta taso gabanin ruwan farko, ƙurar da take ɗebowa ja ce ko ruwan ƙasa, har gari ya yi ja. Ita ma ai manyan ƙwayoyi ne. Me ya sa ita take da launi, ta hunturu kuma fara?

Ɗaliba daga Kabuga:
Amin, Baba, na gode. Bayan warwatsa haske, ƙura tana iya shanye wani ɓangare nasa, kuma wannan ya danganta da abin da ke cikin ƙurar. Jar ƙasa tana ɗauke da tsatsar ƙarfe, ita kuma tsatsa tana shanye shuɗi ta bar ja da rawaya. Guguwar farkon damina daga ƙasar da ke kusa da mu take kwasowa, mai kauri, shi ya sa launin yake fitowa. Ƙurar hunturu kuwa daga nesa take, iskar arewa maso gabas ce take kawo ta, kuma babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Wannan kwari ƙasan tsohon tafki ne, tun zamanin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, kuma abin da ya kwanta a wurin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne, fari ne mai laushi. Kafin ta iso Kano mafi nauyi daga cikinta sun zube a hanya. Duk da haka ba fara sol ba ce, domin tana gauraya da ƙasar wasu wurare, kuma za ku lura akwai ranakun da hazon yake yin rawaya-rawaya.

Mai Ɗaukar Hoto daga Fagge:
Ina gaida dattawa da malamai. Akwai wurin da ban gamsu ba. An daɗe ana faɗa, har a rubuce, cewa ƙura ce take sa faɗuwar rana ta yi ja, kuma ni a sana'ata na sha ɗaukar rana jawur a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da ƙura ta riga ta fara. Idan ƙura ba ta zaɓar launi kamar yadda ƙanwata ta ce, daga ina wannan jan yake fitowa? A ganina ƙura tana ƙara ja, ba ta kashe shi.

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Wannan ƙalubale ne mai kyau, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Da farko, jan faɗuwar rana ba ya bukatar ƙura ko kaɗan. Idan rana tana tsaka, haskenta yana ratsa iska ta gajeriyar hanya. Idan ta sauko bakin ƙasa, yana ratsawa ne a kwance, kuma yawan iskar da zai keta ya ninka na tsakar rana kusan sau 38. A wannan doguwar tafiya ƙwayoyin iska suna ta fizge shuɗi suna watsa shi gefe, sannan kore, har abin da ya iso gare mu ya zama ruwan lemo da ja. Dalili ɗaya ne ya ba mu shuɗin sama da jan yamma. Shi ya sa mafi kyawun ja, mai kaifi da sheƙi, a damina ake ganin sa bayan ruwa ya wanke iska, musamman idan akwai gajimare a sama da zai karɓi hasken.

Game da abin da kake ɗauka a Nuwamba, ban musa ba. A farkon hunturu ƙurar ba ta yi kauri ba, sannan a lokacin ne ake ƙone-ƙonen gonaki da daji, a cikin gari ma kowa yana hura wuta da yamma. Ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne, da yawansu ba su kai rabin maikiron ba, don haka suna warwatsa shuɗi fiye da ja, suna taya iska aikinta. Ka dubi siririn hayaƙin itace idan bayansa akwai duhu, za ka ga yana yin shuɗi-shuɗi, idan kuma ka dube shi ta fuskar haske sai ya yi ruwan ƙasa. Ga kuma 'yar tsatsar da ke cikin ƙura tana shanye shuɗi. Waɗannan suna iya ba ka jar rana. Amma ka lura da irin jan: ƙwallon ranar ne kawai yake yin ja mai duhu, saman da ke kewaye da ita kuwa toka ne, babu launi. Idan hazo ya yi kauri sosai a Janairu, ko wannan ma ba ka samu, rana tana dusashewa ta ɓace tun tana sama.

Mai Ɗaukar Hoto daga Fagge:
Na yarda cewa a hazo mai kauri rana tana ɓacewa ba tare da ja ba, wannan kowa ya gani. Amma, Malam, ai an ce aman wutar dutse yana sa faɗuwar rana ta yi ja a duk duniya, kuma shi ma toka ce da ƙura.

Ɗaliba daga Kabuga:
Yaya, hakan ya faru bayan fashewar Karakatowa a Indonusiya a 1883, da kuma Finatubo a Filifin a 1991. Sai dai tokar mai nauyi tana zubowa cikin ɗan lokaci. Abin da yake daɗewa har shekara ɗaya ko biyu shi ne ƙananan ɗigon sinadarin farar wuta, waɗanda ba su kai maikiron ɗaya ba, kuma suna can sama wajen kilomita 20 ko fiye. Saboda tsayin wurin, rana tana ci gaba da haska su bayan ta faɗi a wurinmu, da hasken da ya riga ya yi doguwar tafiya ya koma ja. Ƙurarmu a ƙasa take, a cikin 'yan kilomitocin farko, mu ma a cikinta muke tsaye. Tambayoyi uku ne ya kamata a yi wa kowace ƙura: girman ƙwayarta, abin da ke cikinta, da tsayin inda take.

Mai Ɗaukar Hoto daga Fagge:
To ni dai zan tsaya a kan cewa ƙura kaɗan tana taimaka wa hoto, domin ita ce take rage ƙarfin rana har kyamara ta iya kama ƙwallonta ba tare da ya ƙone fari ba. Batun launin sama kuwa, hotunan damina sun fi, wannan babu musu a ciki.

Ɗaliba daga Kabuga:
Wanda yake so ya gani da idonsa zai iya gwadawa a gida. A cika farar kwalba ko gorar roba marar launi da ruwa mai tsabta, a ɗiga madara kaɗan ƙwarai, a girgiza, a shiga ɗaki mai duhu a haska farar tocila daga gindin kwalbar. Idan aka duba ta gefe ruwan yana yin shuɗi-shuɗi, idan aka duba ta baki, wato hasken da ya ratso tsawon ruwan, zai yi rawaya ko ruwan lemo. Idan aka ci gaba da ƙara madara sai komai ya koma fari.

Akwai abin lura a wannan mataki na ƙarshe. Ƙwayoyin madarar ba su ƙara girma ba, yawansu ne ya ƙaru, har ya zama kowane haske, ja ne ko shuɗi, sai ya yi karo sau da yawa kafin ya fito, launukan suka sake gaurayewa. Ke nan hanyoyi biyu ne suke kai wa ga fari, girman ƙwaya da kuma yawan karo, kuma a ranar hazo mai kauri duka biyun suna aiki tare. Wannan yawan karon ne ma ya sa ko a rana mai tsabta, saman da ke kusa da bakin ƙasa ya fi na tsakiyar kai fari.

Dattijo daga Yakasai:
Zan sa jikokina su gwada a gabana. Malam, a lissafinka shunayya ta fi shuɗi gajeren zango. Me ya sa sama ba ta zama shunayya ba?

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Baba ya bi lissafin daidai. Shunayya ta fi warwatsuwa, amma tun daga tushe ba ta kai shuɗi yawa a hasken rana ba, kuma idon ɗan Adam ba ya jin ta sosai. A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, kuma hasken sama, wanda yake ɗauke da shunayya da shuɗi da kore da ɗan ja, yana taɓa dukkansu. Jimillar abin da suke aika wa ƙwaƙwalwa shi ne shuɗi mai haske.

Ma'aikaciyar Jinya daga Tarauni:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen ido, kuma akwai abin da ba zan iya yin shiru a kansa ba, tun da an yi ta maganar ganin ƙwallon rana a fili. Don Allah kada kowa ya ɗauka cewa dusashewar rana a hazo izini ne na ƙura mata ido. A rana mai tsabta zafin hasken ne yake tilasta mutum ya runtse ya kau da kai, wannan kariya ce. A hazo wannan tilascin yana raguwa, mutum ya iya daɗewa yana kallo, alhali idon yana tattara hasken a kan wuri ɗaya ƙarami a tantanin da ke bayansa, daidai wurin da muke karatu da gane fuska da shi. Wannan tantani ba ya jin ciwo, saboda haka mutum ba zai san ana yi masa lahani ba sai bayan sa'o'i, ya ga wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Wasu suna samun sauƙi bayan watanni, wasu kuma tabon ya zauna. Kaurin hazo yana sauyawa cikin mintuna, babu wanda zai iya auna da ido cewa yanzu ya isa kariya. Yara ne suka fi ba ni tsoro, domin idonsu ya fi barin haske ya wuce, kuma sukan yi gasar wanda zai fi daɗewa yana kallo. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya hana wannan lahani, haka ma gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, irin wanda mutane suka riƙa amfani da shi a husufin rana na 29 ga Maris 2006.

Ɗan'uwa mai hoto, kai ma ka kiyaye leƙa rana ta ƙaramar tagar kyamara idan ka ɗaura dogon madubi. Ka duba ta allon.

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Wannan lura tsohuwa ce a tarihin ilimin haske. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja da ita a littafinsa Kitabul Manazir. A zamaninsa da yawa daga masana suna ganin ido ne yake fitar da wani haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya ce a duba yadda ido yake jin ciwo idan ya kalli rana, da yadda hoton abu mai haske yake saura a ido bayan an kau da kai, wanda yake nuna cewa wani abu ne yake shigowa daga waje ya yi tasiri a ido. Shi ne kuma ya yi cikakken bayani a kan ɗaki mai duhu da aka huda wa ƙaramar kafa, inda hoton abin da ke waje yake faɗawa a bango a juye. Wannan ita ce hanya marar haɗari ta ganin siffar rana: a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya ratsa hudar ya faɗa a kan farar takarda.

Mai Haɗa Sola daga Sabon Gari:
Salam ga kowa. Wannan bayani ya warware mini abin da nake fama da shi wajen abokan ciniki. A hunturu sukan kira su ce gari da haske fes amma batir ba ya cika, suna zargin kayan ne. Abin da nake gani a na'urar awo shi ne wutar tana sauka sosai a ranar hazo, amma ba ta ɗaukewa. Malam, wannan hasken da ya warwatsu shi ne farantin sola yake amfani da shi?

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Shi ne. Hasken da yake sauka a kan faranti kashi biyu ne, wanda ya zo kai tsaye daga rana da wanda ya zo daga sauran sassan sama. Hazo yana rage na farko ƙwarai, ya ƙara na biyu, amma ƙarin bai kai ragin ba, domin wani haske ya koma sama, wani kuma ƙura ta shanye. Alamar da kowa zai iya dubawa ita ce inuwa. Hasken kai tsaye ne yake yin inuwa mai kaifi, idan ka ga inuwarka ta dushe ka san shi ne ya ragu. Ido ba ya gane yawan ragin domin yana daidaita kansa da kowane haske, shi ya sa abokin cinikinka yake ganin gari fes. Madubin ƙara girma ma da yake ƙona takarda a bazara ba zai iya ba a hazo mai kauri, domin hasken da ya zo daga fuska ɗaya kaɗai yake iya tattarawa.

Mai Haɗa Sola daga Sabon Gari:
Sai kuma ƙurar da take kwanciya a kan gilashin farantin kansa, wadda ita ce muke da iko a kanta. Ina shawartar mutane su wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko bayan la'asar, kada a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya yi zafi, kada kuma a goge shi a bushe domin ƙurar tana karce shi.

Direba daga Unguwa Uku:
Malam, ni ma ina da tawa. Da dare a hanyar Zariya, idan hazo ya yi yawa na kunna fitila mai haska nesa, sai gabana ya zama farin bango, gara ta ƙasa. Wasu abokan aikina kuma suna sa fitila rawaya, suna cewa ta fi keta hazo.

Ɗaliba daga Kabuga:
Yaya, fitila mai haska nesa tana tafiya ne kusan a layin da idonka yake kallo, don haka tana haska ƙurar da ke tsakaninka da hanya, wani ɓangare na hasken ya dawo maka ya rufe abin da ke can gaba. Ta ƙasa tana haska kwalta, ta bar layin idonka a cikin duhu. Sannan manyan ƙwayoyi sun fi watsa haske ta gaba, shi ya sa fitilar motar da ke tahowa take zama babban fari mai kashe ido, kuma hasken nesa da ka kunna ya fi cutar da na gabanka fiye da yadda yake cutar da kai. Batun rawaya kuwa, tun da ƙwayoyin hazo ba sa zaɓar launi sosai, rawaya ba ta fi fara keta shi da wani abin kirki ba. Wasu direbobi suna jin ta fi musu sauƙi a ido, amma amfanin fitilar hazo na ainihi yana cikin inda aka ɗaura ta, can ƙasa, da yadda haskenta yake bazuwa a kwance.

Dattijo daga Yakasai:
Akwai wani abu da ya shafi ibada, tun da a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a ƙarshen hunturu. Malam ya ce a hazo rana tana ɓacewa tun tana sama. Ina so a fayyace wannan, domin na san akwai masu duban yamma, idan ba su ga rana ba su ce ta faɗi.

Malamin Kimiyya daga Gwale:
Hukuncin na malaman fiƙihu ne, Baba, ni ɓangaren haske zan faɗa. Yayin da rana take sauka, hanyar da haskenta yake bi a cikin ƙura tana ƙara tsawo, har ta kai matakin da hasken kai tsaye bai fi farin da ke kewaye da shi ƙarfi ba, sai ƙwallon ya narke a cikin hazo. Wannan yana iya faruwa tana da sauran digiri 5 ko 10 kafin bakin ƙasa. A Kano, da muke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana sauka kusan a miƙe, wajen digiri ɗaya a kowane minti 4, don haka digiri 10 ya kai minti 40 ko ya ɗan ɗara. Ɓacewarta daga ido a irin wannan rana ba faɗuwa ba ce, kuma jadawalin lokuta da aka lissafa ya fi duban ido aminci.

A rana mai tsabta kuwa abin yana karkata ta ɗaya ɓangaren, amma kaɗan. Iska ta fi kauri a kusa da ƙasa, saboda haka hasken da ya shigo a kwance yana lanƙwasowa, ya ɗaga hoton rana da kusan rabin digiri, wanda ya yi daidai da faɗin ranar kanta. Lokacin da muke ganin gindinta ya taɓa bakin ƙasa, a lissafin miƙaƙƙen layi ta riga ta shige. Bambancin wajen minti 2 ne, kuma masu tsara jadawali sun riga sun sa shi a lissafinsu. Jinjirin wata ma a wannan yanki na yamma yake tsayawa, ƙasa-ƙasa, da haske marar ƙarfi, a daidai inda hazo ya fi kauri, shi ya sa za a iya rasa shi a Kano a gan shi a garin da iskarsa ta fi tsabta a daren.

Mai Ɗaukar Hoto daga Fagge:
Ƙanwata, wata tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Kin ce ƙananan ƙwayoyi suna watsa shuɗi, manya suna watsa duka. Babu wani girma a tsakani da zai juya abin, ya watsa ja ya bar shuɗi?

Ɗaliba daga Kabuga:
Akwai, Yaya, sai dai ba kasafai ake samun sa ba, domin sai ƙwayoyin sun zama kusan girma ɗaya, wajen maikiron ɗaya. Lissafin Mi ya nuna cewa a wannan girma ja yana iya warwatsuwa fiye da shuɗi. A Satumba 1950 hayaƙin gobarar daji daga yammacin Kanada ya ƙetare teku, mutane a Sikotilan suka ga rana shuɗiya. A duniyar Mas ma, inda iska ba ta da kauri kuma ƙura mai tsatsa ce ta cika ta, hotunan da na'urori suka aiko sun nuna sama ruwan ƙasa da rana, da faɗuwar rana kuma shuɗi a kewaye da ita, domin ƙurar can tana tura shuɗi ta gaba fiye da ja. Ƙurar hunturu gaurayen girma ce, daga ƙasa da maikiron ɗaya zuwa gomomi, abin da wannan girma ya fifita sai wancan ya soke shi, saboda haka fari muke samu. Idan kana so ka kama ɗan bambancin launin da ke kewaye da rana a hazo, ka tsaya inda gini ko hasumiya za ta rufe ƙwallon, ka kashe daidaita launi na kai-da-kai a kyamarar ka sa ta a kan hasken rana, sannan ka ɗauki wuri ɗaya a sa'a ɗaya a ranaku daban-daban, ka jera su ka gwada.